Yadda Ake Barin Birni Tare da Iyali a Koma Noma da Sana'ar Kafinta

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na hayar gida da na cefane suka yi tashin gwauron zabo, magidanta da dama a Kano da Kaduna da Abuja suka fara lissafin tattara iyalansu su koma ƙauye. Cikinsu akwai waɗanda suka iya aikin katako, ko dai kafinta ce sana'arsu tun asali, ko kuma sun koye ta suna yara kafin aikin albashi ya ɗauke musu hankali, suna kuma ganin cewa idan aka haɗa gona da shago ba za a rasa abin sakawa a bakin salati ba. Tunanin yana da kyau, sai dai yana bukatar a riƙe abu ɗaya a ka tun daga farko: gonar damina sau ɗaya take biya a shekara, ita kuwa tukunya kullum sai an ɗora ta. Saboda haka aikin shago shi ne ya riƙe gida daga shuka zuwa girbi, kuma a kan wannan lissafin ya kamata a gina duk shirin ƙaurar. Zan ɗauki misalin yankin da ke tsakanin kudancin Kano da arewacin Kaduna, wato su Tudun Wada da Doguwa da Ikara da Soba har zuwa Saminaka, domin ƙasa ce ta masara da dawa da waken suya, wadda take samun ruwan sama fiye da arewacin Kano.

Shekarar gwaji

Kada maigida ya ɗaga iyalinsa a shekarar farko, komai matsin da yake ciki a birni. Abin da ya fi shi ne ya nemi aro ko hayar gona wadda ba ta wuce hekta ɗaya ba a garin da yake son komawa, ya noma ta damina guda yana zuwa yana komawa, iyali suna nan inda suke. A cikin wannan damina zai ga abubuwan da ba wanda zai gaya masa da baki. Zai ga yadda hanyar garin take a watan Agusta, lokacin da motar ɗaukar katako za ta iya kafewa a taɓo ta kwana. Zai san nawa 'yan ƙwadago suke karɓa a makon da kowa yake neman su, ya san wanda yake da shanun huɗa da kuma tsawon layin masu jiransa, ya kuma gane ko ƙasar da aka yaba masa tana riƙe ruwa ko kuwa jigawa ce mai shanye taki.

A wannan shekarar ce kuma ake auna tsaro, wanda shi ne abin da ba a sassauci a kansa. Kowa ya san halin da manoma suka shiga a Zamfara da Birnin Gwari da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Neja, inda ta kai wasu garuruwa sai sun biya 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu ko su kwashe amfaninsu. Mai sayar da gona ba zai faɗi wannan ba. Direbobin tasha da 'yan acaɓa su ne za su faɗa, idan aka tambaye su ƙarfe nawa suke daina bin hanyar, haka kuma matan gari idan uwargida ta zauna da su. Gonar da ta cika araha a wurin da ƙasa take da kyau, akwai dalilin arahar, kuma wajibi ne a nemo shi.

Ita uwargida ba labari za a kai mata ba, da ita za a yi shawarar, domin nauyin ƙaura ya fi sauka a kanta. Ita ce za ta rabu da famfo ta koma rijiya, ta rabu da maƙwabtan da ta saba da su, ita ce kuma za ta riƙe yaro mai zazzaɓi da tsakar dare a garin da asibiti yake da nisa. Ya kamata ta je ta yi mako guda a garin da bazara, lokacin da rijiyoyi suke ja baya, ta sake yin wani makon a tsakiyar damina, lokacin sauro da laka. A duba makarantar boko da Islamiyya da ido, ranar karatu, a ga ko malamai suna zuwa. A san asibitin da ake karɓar haihuwa da dare, da wanda yake ajiye maganin saran maciji, da kuma wanda zai ba da mota idan bukatar gaggawa ta taso.

A ganina lokacin da ya fi dacewa iyali su tare shi ne bayan girbin shekarar gwaji, a hutun makaranta na watan Disamba. A lokacin akwai hatsin da aka noma a ajiye, hanya ta bushe, sauro ya ragu, manoma suna da kuɗi a hannu, ana ta bukukuwan aure da gine-gine, wato shago zai buɗe a daidai lokacin da ake neman kafinta. Wanda ya tare da iyali a watan Yuni kuwa ya shigo a farkon watannin da rumbuna suke ƙarewa, babu mai sayen gado ko kujera, ga kuɗin taki yana jira.

Mallakar gona

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma a wajen birane ƙaramar hukuma ce take ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya, har zuwa hekta 500 idan don noma ne. Wannan shi ne abin da yake a rubuce. A aikace, cinikin gona a ƙauye yana bi ta hannun mai unguwa da dagaci, kuma baƙon da ya tsallake su ya sayi rigima da kuɗinsa. A nemi mutumin gari mai mutunci ya yi jagora, a je a gaida dagaci, a ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman wurin zama da na noma a ƙarƙashinka," kafin a fara maganar kowace gona da kowa.

Babban tarkon da baƙi suke faɗawa shi ne gonar gado da ba a raba ba. Ɗaya daga cikin magada, galibi babban wa, zai sayar, ya karɓi kuɗi, a rubuta takarda, sai bayan shekara biyu ƙanwarsa da take aure a wani gari ta kai ƙara kotun shari'a tana neman rabonta, kuma tana da gaskiya. Saboda haka a tambayi asalin gonar, idan ta gado ce a nemi shaidar rabo, ko kuma duk magada, maza da mata, su sa hannu a gaban shaidu. A tambaya kuma ko tana hannun wani a matsayin jingina. Ranar da za a biya kuɗi a zagaya iyaka da ƙafa tare da maƙwabtan gona na kowane ɓangare, a ɗauki alamar kusurwoyin da wayar hannu, sannan da faɗuwar ruwa a dasa gamba ko bini-da-zugu a kan iyakar. A lura ko burtali ya ratsa gonar ko ya bi gefenta, domin wanda ya noma hanyar shanu zai yi ta rigima da makiyaya duk kaka, kuma laifin nasa ne. Bayan takardar dagaci a daure a bi ta ƙaramar hukuma, ko da za ta ɗauki watanni.

Shawarata ita ce kada a zuba jari duka a sayen ƙasa. Hekta biyu da aka ba taki yadda ya kamata ta fi hekta biyar da aka shuka aka bar wa Allah.

Abin da za a shuka

Shekarun farko na abinci ne, ba na kasuwa ba. A raba gonar, kashi mafi girma masara da dawa domin tuwon gida, sauran kuma waken suya ko gyaɗa, a rafka wake a cikin hatsi idan damina ta yi nisa, sannan a riƙa juya wuraren kowace shekara, domin waken suya da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi kuma suna rage wuta-wuta, wadda take addabar dawa da masara a gonar da ta gaji. Iri kuwa a saye shi a wurin da aka sani. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ita ce take fitar da irin masara mai suna SAMMAZ, da na dawa SAMSORG, da na wake SAMPEA, da na gyaɗa SAMNUT, kowanne da lambarsa, wasu masu saurin nuna, wasu masu jure wuta-wuta ko fari. Malamin gona na KNARDA, hukumar noma ta jihar Kano, ko takwaransa na hukumar noma ta Kaduna, zai faɗi lambar da ta dace da yankin. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yana da amfani a saurare shi kafin a yanke ranar shuka, don kada ruwan farko ya yaudari mutum ya shuka, a yi sati uku ba a sake samun ɗigo ba.

Lissafin taki shi ne wanda yake ba sabon manomi mamaki. Abin da masana suke ba da shawara ga hekta ɗaya ta masara ya kai kimanin buhu 8 na NPK 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya, kowane buhu kilo 50, a sa NPK cikin mako biyu na farko, yuriya kuma tsakanin mako na 4 da na 6, a binne shi kada a watsa a sama. A tambayi farashin buhu a kasuwa a ninka, za a ga dalilin da ya sa na ce kada a faɗaɗa gona. Takin gargajiya yana rage wannan nauyi sosai, shi ya sa tumaki da awaki da kaji suke cikin shirin tun farko. Tazarar shuka santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami idan ƙwaya ɗaya ake sakawa. A riƙa duba cikin kunnen masara da sassafe saboda tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016, wadda idan aka bari ta girma magani ba ya kama ta sosai.

Kafa shago

Shago ba a cikin gona ake kafa shi ba, komai daɗin inuwar wurin. A bakin hanya ake kafa shi, kusa da kasuwar mako ko tasha, inda mai wucewa zai ga gado a jingine ya tsaya ya taya. Rumfa mai rufin kwano da ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe na ajiye kayan aiki sun isa a fara.

Wutar lantarki a ƙauye ba abin dogaro ba ce, kuma manyan injinan katako suna jan wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinsu a lokacin da ake tayar da su, don haka ƙaramin janareta ba ya ɗaukar su, babba kuma yana cinye riba a mai. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a yi babban yanka da gyaran fuskar katako tun a kasuwar 'yan katako, a Na'ibawa ta Kano ko a Sabon Garin Zariya, inda injinan suke, a zo da shi a shirye bisa awon da aka rubuta. A shago kuma zarto da guduma da sikwaya da tef da abin fere katako na hannu da ƙarafan matsewa su ne za su yi yawancin aikin, tare da injin huda mai batir da ƙaramin injin samfefa waɗanda sola matsakaiciya take iya riƙewa. Babban inji sai aiki ya yi yawan da zai biya shi da kansa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a ɓangaren shago, wato bushewar katako. Yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga kudu yake zuwa ko daga tsakiyar ƙasa, su afara da malaina da loko da maɗaci, kuma sau da yawa yana isowa da ruwansa. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan yana bushewa, iskar hunturu kuwa ba ta bar masa komai. Na taɓa ganin ƙofar da wani kafinta sabon zuwa ya haɗa a watan Satumba da falankin da aka sauke daga mota a makon. Ranar da ya kafa ta ko allura ba za ta shiga tsakanin falankan ba. Kafin ƙarshen Janairu kowace gaɓa ta buɗe har yaro yana zura yatsa, da dare ana hango hasken fitila daga waje layi-layi, ƙasan ƙofar kuma ya murɗe ya daina haɗuwa da sakata. Mai ƙofar bai yi faɗa ba. Ya ciro ta ya ɗora a amalanke ranar kasuwa, ya jingine ta a gaban shagon, ya ce, "Malam kafinta, ƙofa na saya ko rariya?" A birni irin wannan kuskure yana ɓacewa cikin yawan jama'a, amma a garin da kowa ya san kowa sai da kafintan ya shekara yana gyara sunansa.

Maganin abin shi ne a sayi katako tun kafin a bukace shi, a jera shi ya sha iska. A ɗaga jerin daga ƙasa da bulo kamar taku ɗaya da rabi saboda gara da danshi, a sa siraran sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane falanki da na samansa, tazarar kamar taku biyu, kuma kowace sanda ta hau daidai kan ta ƙasanta, in ba haka ba falankin zai lanƙwashe. A yi jerin a inuwa inda iska take ratsawa, kada a shanya a rana, a ɗora nauyi a sama, a shafa fenti a bakin kowane falanki domin ta nan yake fara tsagewa. Wanda ba shi da na'urar auna danshi ya ware guntu ɗaya ya riƙa ɗora shi a sikeli duk mako yana rubutawa, ranar da nauyin ya daina raguwa katakon ya shirya. Wannan yana nufin wani kaso na jari zai kwanta na makonni ko watanni a ƙarƙashin rumfa, kuma dole a sa shi cikin lissafi tun farko. Katakon rufi, su tu-bai-tu da tu-bai-fo, a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, abin da ya taɓa ƙasa kuma a ninka masa.

Abin da ake nema a ƙauye ya bambanta da na birni. Kuɗin yau da kullum yana cikin rufin ɗaki da silin da ƙofa da taga da benci da teburin mai shayi da gyaran amalanke, sai kuma bencin makaranta da na masallaci idan an samu. Kayan ɗakin amarya, gado da sif da madubi, su ne masu riba, amma na lokaci ne, kuma a nan sai an yi hattara da allon MDF da ake yayi a birni, domin yana kumbura idan ya sha danshi, ɗakin ƙasa kuwa ba ya rabuwa da danshi da damina. Turmi da taɓarya da ƙota da akushi aikin masassaƙa ne, waɗanda suka gaji gizago da sanin kirya tun kakanni. Baƙo ya bar musu abinsu, ya yi zumunci da su, domin su ne suka san kowace bishiya a dajin.

Bashi shi ne ciwon sana'a a ƙauye. Za a zo a ce a yi aiki "sai kaka", kuma ba a iya ƙin kowa a garin da mutum yake baƙo. Ƙa'idar da take tsare jari ita ce kafin alƙalami ya biya kuɗin katako da ƙusa da gam gaba ɗaya, abin da za a bari bashi ya zama ladan hannu kawai. Idan mai aiki ya ce zai biya da hatsi, a yanka yawan kwanon tun ranar a gaban shaida, a rubuta.

Inda gona da shago suke karo

Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli gona ba ta jira. Huɗa da shuka da noman firi da sa taki da maimai duk a cikin waɗannan makonni suke, kuma jinkirin kwana goma a noman firi yana iya rage amfanin da ba a mayar da shi. An yi sa'a a daidai wannan lokaci aikin shago yake ja baya, sai dai gyaran rufin da iska ta yaye, wanda shi kuma ba ya jira. Tsarin da ya fi aiki shi ne gona daga asuba zuwa hantsi, shago daga azahar, kuma kada a karɓi babban aiki mai wa'adi a waɗannan makonni komai kyan kuɗinsa. Kaka ta fi wuya, domin girbi da cinikin shago suna zuwa tare. A nan ne amfanin yaran shago yake fitowa. A ɗauki yaro ɗaya ko biyu daga cikin garin tun shekarar farko, da yardar iyayensu da sharaɗi bayyananne, a koya musu da gaske. Ban da taimakon da za su yi, iyayensu sun zama dangi, kuma baƙon da yake koya wa 'ya'yan gari sana'a ba a kallonsa da idon baƙo. Idan ana gayya a garin a je, ko da hannu bai saba da fartanya ba.

Aljihu biyu za a yi, da littafi biyu. Kuɗin shago shi yake yin cefane da magani da kuɗin makaranta, ya kuma mayar da katakon da aka yi amfani da shi. Kuɗin gona gona yake komawa: abin da aka sayar da kaka a ware na takin baɗi tun lokacin, har ma a sayi takin da rani kafin ya yi tsada. Ranar da aka ɗebi kuɗin katakon wani aka biya 'yan ƙwadago da niyyar mayarwa, ranar shago ya fara mutuwa, domin aikin mutumin zai makara, kafin alƙalamin na gaba kuma shi zai toshe ramin. Idan uwargida tana kiwo ko tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, jarinta nata ne, a rubuta abin da aka ara a wurinta a biya. A tuna da zakka tun a masussuka: idan amfanin ya kai nisabi, wato awsuƙi 5 ko sa'i 300, ana fitar da kashi ɗaya cikin goma a noman ruwan sama, rabin haka kuma a noman da aka shayar da inji.

Kada a sayar da hatsi duka da kaka lokacin da kasuwa ta cika, ko a kasuwar gari ko ga dillalan da suke kaiwa Dawanau. A busar da shi sosai a kan tamfol har ƙwayar masara ta riƙa fashewa da ƙara idan an ciza, sannan a zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Ana matse iska a ɗaure kowane hawa daban, ƙwaro ya mutu ba tare da an sa magani ba, muddin ledar ba ta huje ba. Kafinta yana da sauƙi a nan, domin shi zai haɗa dakalin katakon da za a jera buhunan a kai, nesa da ƙasa da bango.

Akwai wuraren da sana'o'in biyu suke ciyar da juna. Sassaƙen katako shimfiɗa ce mai kyau a ɗakin kaji, idan ta haɗu da kashinsu ta ruɓe ta zama taki, sai dai a guji na katakon da aka shafa wa magani, kuma garin katako mai laushi yana damun numfashin 'yan tsaki. Guntayen da suka rage suna zama akurki da kwamin abincin tumaki. Amyar katako irin ta Kenya abu ce da kafinta zai haɗa a yini ɗaya, sirrinta kawai faɗin sandunan sama ya zama santimita 3.2 daidai, domin da haka ƙudan zumanmu suke gina saƙa ɗaya a kowace sanda. Wanda ya rataya biyu a gonarsa aka ga zuma, maƙwabta za su zo su ba da aikin tasu.

Sauran maganar ita ce ta bishiya. Kafinta yana ganin katako a jikin kowace bishiyar da ya wuce, amma laifi ne a sare itace ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma ba, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kuma abincin gari ne, ko da a cikin gonar mutum suke. Madobiya, wadda aka yi wa sara mai yawa a Taraba da maƙwabtanta ana kaiwa ƙasar Sin, tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta kare itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, don haka idan aka kawo ta da araha ba takarda a bar ta. Gawo a bar shi a tsakiyar gona, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma ƙarƙashinsa ya fi ko'ina yabanya. Manoman jihar Maraɗi a Nijar sun nuna tun shekarun 1980 abin da suke kira sassabin zamani, wato idan ana sharar gona a bar kututturen da yake tohowa, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a datse sauran, kuma da wannan hanya aka mayar da itatuwa a miliyoyin hekta ba tare da an dasa ba. A iyakar gona kuma a dasa darbejiya da maɗaci, da malaina inda ruwa yake da yawa kamar wajen Saminaka, turare kuwa a nisanta shi da rijiya da kunyoyi saboda shan ruwansa. A dasa a watan Yuli lokacin da ƙasa ta jiƙu sosai, a kewaye kowane dashe da ƙaya ko guntayen katakon shago saboda awaki, a kuma ba shi ruwa a ranin farko har damina ta zagayo.